Gyambon Baba ba ya masa zafi, kuma ya ƙi warkewa

Gwaggo, mahaifinmu ya daɗe yana fama da ciwon suga. A hunturun da ya wuce faso ya tsaga masa dunduniya, wurin ya koma gyambo, yau kusan wata biyu yana ruwa. Cewa yake tunda babu zafi, ba wani abu ba ne. Yayarmu ta karɓo masa garin magani ana barbaɗawa. Da na kawo maganar asibiti sai ya ce can ƙafa suke yankewa. Yaya zan yi?
'Yarki, daga Gusau

'Yata, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. A kai shi asibiti cikin makon nan, a daina barbaɗa garin nan tun yau.

Rashin zafin da Baba ya dogara da shi, shi ya fi tayar min da hankali. Suga idan ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin da ke sa mutum ya ji taɓi da zafi, daga yatsun ƙafa yake farawa. Sai mutum ya taka ƙusa, ko ya wuni da tsakuwa cikin takalmi, bai sani ba. Yakan kuma ƙuntata hanyoyin jini, ga shi yana raunana ƙarfin jiki wajen yaƙar ƙwayoyin cuta. Ciwon da zai warke wa wani cikin kwanaki, ga mai suga sai ya yi ta ci ta ciki har ya kai ƙashi, alhali bakinsa ɗan ƙarami ne. Garin magani kuwa rufe bakin yake yi, ya ƙara datti a ciki.

Tsoron Baba yana da tushe, kada ki raina shi. Wataƙila ya ga wanda ya tafi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Amma ki fahimtar da shi cewa likita ba ya yanke ƙafa don ya ga gyambo. Sai nama ya mutu ya yi baƙi, ko cutar ta kai ga barazana ga rai, kuma jinkiri ne yake kai mutane can. Abin da za a yi masa yanzu shi ne a cire mataccen nama, a wanke, a ɗaure, a taɓa bugun jini a ƙafar, a ɗauki hoton ƙashi, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta idan sun shiga. Za a auna suga, har da gwajin da ke nuna yadda yake tafiya cikin wata 3, kuma ana iya mai da shi kan allurar insulin. Za a hana shi ɗora nauyi a dunduniyar. Gyambon da ake takawa kullum ba ya haɗewa. Kuna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan Gusau, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa a Sakkwato.

Kada ki tunkare shi da gardama. Ki samu amininsa ko limamin unguwa, wanda ba ya iya musa wa, ki kuma ja Yaya jiki, don ita ma alheri ta nufa. Idan kuwa kika ga zazzaɓi, wari, kumburi, ko yatsa ya canza launi, ranar za ku tafi, ko da dare ne.

Alwala ta ba Baba damar ganin ƙafarsa sau biyar a yini. Ya riƙa duba tafin, ko jika ya duba masa, ya share tsakanin yatsu ya bushe. Ɗumin ruwa a gwada shi da gwiwar hannu, a nisanta ƙafarsa da kaskon wuta. A shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, balle harabar masallaci da azahar, kuma ya sa hannu cikin takalmin kafin ya saka. Mai yankan farce da reza ya yi haƙuri da Baba. In yana shan taba, ya bari.

Idan kun je, ki roƙi likita ya duba ɗaya ƙafar ma, domin yanzu ita ke ɗaukar nauyinsa duka.