Darasi: Idan Aka Nemi Izinin Buɗe Mashaya A Unguwarmu

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi tambayar da takan taso a garuruwa irin namu: idan wani ya shigar da takarda gaban hukumar gari yana neman izinin buɗe gidan giya, mene ne wajibinmu?

Gaya gari ne na bakin iyaka. Gadar kogin Kwara ta haɗa mu da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Jihar Kebbi tana gabas da mu, kuma kafin rufe iyaka a 2023 ta nan manyan motoci ke bi da kaya daga Kwatano zuwa Yamai. Inda baƙi suka yawaita, mai neman riba ba ya rasa dalili. Zai ce hukuma za ta sami haraji, samari za su sami aiki.

Alƙur'ani bai musanta cewa akwai wani amfani a giya ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ambaci amfanin, amma ta rinjayar da zunubin a kansa. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Daga ƙarshe ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukunci, suka kuma faɗi dalili: tana haddasa gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Don haka a auna harajin da kukan matar da aka shanye kuɗin cefanenta, da direban da zai kama hanyar Doso a buge.

Sai dai mu sani, Nijar ba ta aiki da dokar Shari'a irin wadda Kebbi ta ƙaddamar a 2000. A nan mashaya tana buɗewa ne da izinin hukuma. To, ina mafita? Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito ya jera matakai uku na gusar da abin ƙi: hannu, harshe, zuciya. Malamai sun bayyana cewa a kan al'amuran jama'a hannu na mai iko ne. Namu shi ne harshe.

Mun ga abin da ya faru lokacin da aka manta da wannan. A watan Nuwamba na 2000, yayin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙona mashaya da gidaje a Maraɗi. Me ya biyo baya? An kama mutane, gwamnati ta rushe wasu ƙungiyoyin Musulunci, giya kuwa ba ta bar ƙasa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu:

1. Limamai da masu unguwanni su rubuta koke, maƙwabtan wurin su sa hannu, a kai wa hukumar gari da Sarki tun kafin a sa hannu a takardar izini. Tun ran gini, ran zane.

2. A kafa hujja da abin da kowane mai hankali zai karɓa: kusancin wurin da masallaci ko makaranta, hayaniyar dare, haɗarin hanya.

3. A kiyaye haƙƙin maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba. Dukiyarsu da mutuncinsu amana ce, ba zagi, ba jifa.

4. Mu binciki kanmu. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Gidan wa za a ba da haya? Motar wa za ta yi dako? 'Ya'yan wa za su cika kujerun? Sau da yawa amsar tana cikin sahun da muke salla.

Idan hukuma ta saurare mu, mun gode wa Allah. Idan ba ta saurara ba, mun sauke nauyi, kuma sauran aikin yana gidajenmu, domin mashayar da ba ta da mai shiga da kanta za ta rufe.

Allah Ya shiryar da mu da zuriyarmu, Ya yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga gaskiya.