Duwatsun Mandara da Iyakar da Ta Ratsa Su

Duk ɗalibin da ya buɗe taswirar Nijeriya zai ga jerin duwatsu a arewa maso gabas, daga kusa da kogin Binuwai har wajen Gwoza, tsawon kilomita kusan 200. Su ne duwatsun Mandara. Gefen yamma yana jihohin Adamawa da Borno, na gabas kuma yana ƙasar Kamaru.

Me ya kai mutane zama a wuri mai wuya haka? Babban dalili shi ne neman mafaka daga mahaya dawaki masu kamun bayi, domin doki ba ya hawa dutse. Da zama ya yi zama, suka koyi jera duwatsu suna yin gonaki hawa-hawa kamar matakala, don kada ruwan sama ya wanke ƙasa, suna shuka dawa da gero. A ganina wannan hikima ta fi yaƙe-yaƙen sarakuna cancantar shiga littafin tarihi. Irin wannan aiki yana cikin abin da ya sa UNESCO ta saka Sukur, kusa da Madagali, cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Iyakar kuwa baƙuwa ce. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Mubi da Madagali da Mora duk suna hannun Jamus. Da aka ci Jamus, Ingila da Faransa suka raba yankin a 1919, layin ya bi ta tsakiyar duwatsun. Jama'a ɗaya ta zama biyu: a nan ana ce musu Kamwe ko Higi, a can Kapsiki. Kirawa ma, tsohon babban birnin daular Mandara, yau ɗan rafi ne ya raba shi tsakanin ƙasashen biyu.

A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a ɓangaren da Ingila ke riƙo. Mutanen arewacinsa suka zaɓi Nijeriya da kusan kashi 60 cikin ɗari, na kudu suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 arewacin ya shigo Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwatarsa a Mubi. Shi ya sa yaron Michika ke karatu da Turancin Ingilishi, ɗan kawunsa na Rumsiki kuwa da Faransanci, alhali in sun haɗu a kasuwa harshen kakanninsu suke yi.