Darasi Na Sha Huɗu: Tsohuwar Libarba

Wani lokaci idan tsoho ya rasu, a kan buɗe akwatinsa a tarar da tsohuwar bindiga a naɗe cikin tsumma. Wata gajeruwa ce, wadda a ke riƙewa da hannu ɗaya. Sunanta libarba. Yau za mu koyi yadda a ke gane ta, da abin da ke sa ta daraja, da abin da ya kamata a yi da ita.

Libarba tana da wata 'yar ganga a tsakiyarta, mai ramuka shida. Cikin kowane rami a kan sa harsashi ɗaya. In an ja kunama, sai gangar ta juya, ta kawo wani harsashi daidai bakin bututu. Wani mutumin Amurka, Samuel Colt, shi ya yi rajistar irin wannan ƙira a 1836.

Wadda ta shafi tarihinmu ita ce Webley. A birnin Birmingham na Ingila aka ƙera ta. Sojan Ingila sun fara aiki da ita a 1887, watau tana hannun hafsoshinsu tun kafin a ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1915 aka fito da samfuri na shida, wanda aka yi Yaƙin Duniya na Farko da shi. Ana karya ta ne daga sama, bututun ya sunkuya ƙasa, kwankunan harsashi su fito gaba ɗaya.

To, ga inda karatu zai yi mana amfani. Libarba tana faɗin sunanta da kanta, amma ga mai iya karatu kaɗai. A jikinta akwai sunan maƙera da samfurinta, sau da yawa har da shekarar da aka yi ta. Akwai kuma wata alama mai layi uku, kamar sawun kaza. Wannan alama tana nuna cewa kayan gwamnatin Ingila ce. Sa'an nan akwai lamba. Mu duba lambar a jikin bindigar, da bututu, da ganga. In duka ukun sun zo ɗaya, to, ba a musanya mata kome ba.

Masana tsofaffin kaya su kan duba abu uku kafin su faɗi darajarta. Na farko, lambobin nan su dace. Na biyu, launinta na asali ya kasance yana nan. Na uku, a san tarihinta: wa ya riƙe ta, ina ta je. Saboda haka takardar sallama daga soja, ko hoto, ko lambar yabo da aka samu tare da ita, kada a yar. Su ne shaidunta.

Abokin gaban ƙarfe shi ne tsatsa, tsatsa kuwa laima ke kawo ta, musamman da damina. Amma kada a goge ta da yashi ko toka don ta yi ƙyalli. Wanda ya yi haka ya kankare launin, ya shafe rubutun, darajar ta tafi ke nan. Masu adana kayan tarihi tsumma mai laushi su ke sawa, da ɗan mai kaɗan. Ba su barinta cikin kuben fata, domin fata tana riƙe laima.

Yanzu ga magana mafi muhimmanci. Tsufa ba ya hana bindiga kisa. Kowace bindiga mu ɗauka akwai harsashi a cikinta. Kada a nuna ta ga mutum, ko da wasa. Kada a taɓa kunama. Kada a gwada harbi da ita, domin tsohon ƙarfe ya kan fashe a hannun mai harbi. A kulle ta inda yara ba su kaiwa.

Akwai kuma doka. Dokar makamai ta Nijeriya, ta 1959, ta hana kowa ajiye libarba sai da izni na musamman daga shugaban ƙasa. Gado ba izni ba ne. Wanda aka kama da ita a ɗakinsa, ko yana neman sayarwa, zai sha ɗauri. Saboda haka wanda ya same ta, kada ya ɗauke ta ya shiga kasuwa. Ya bar ta a kulle, ya rubuta suna da lambar da ke jikinta, ya gaya wa dagaci, su tafi tare su sanar da 'yan sanda. Ya kuma roƙa a gaya wa ma'aikatan gidan adana kayan tarihi, irin Gidan Makama na Kano, ko za su so ta. Ta haka sunan kakansa ba zai ɓace ba, shi kuma ya kwana lafiya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ramuka nawa ne a gangar Webley?
2. Me alamar sawun kaza ta ke nunawa?
3. Don me ba a goge tsohuwar libarba da yashi?
4. Wa za mu fara gaya wa idan mun same ta?