Bazara a Goron Dutse: Cutar Sanƙarau da Nauyin da ke Kan Unguwa

Gabatarwa

Goron Dutse unguwa ce da ke yammacin birnin Kano, cikin ganuwa. Ta samo sunanta ne daga dutsen da take gindinsa, wanda shi da Dala ne mai shigowa birni yakan fara hangowa tun daga nesa. A tsarin mulki kuwa, tana ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Gwale, ita kuma Gwale ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano.

Daga watan Maris zuwa Mayu, watau lokacin bazara, rayuwar unguwa irin wannan takan sake kama. Zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. 'Yan garuwa ba su hutawa, magidanta su fito da tabarmi ƙofar gida da dare, mata da yara su baje a tsakar gida. A wannan lokaci ne kuma cutar sanƙarau ta fi yin ɓarna a ƙasar Hausa. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke haddasa cutar, da dalilin da ya sa ta fi tsanani da bazara, sa'an nan ta nuna yadda maganin annobarta yake farawa daga cikin unguwa, tun kafin labari ya kai Abuja.

Mene ne Sanƙarau?

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam da lakar da ke cikin ƙashin bayansa a lulluɓe suke da tantani hawa uku, akwai kuma wani ruwa garai-garai da ke gudana a tsakaninsu. Idan ƙwayoyin cuta suka kutsa cikin wannan ruwa, sai tantanin ya kumbura. Wannan kumburi shi ne sanƙarau. Bahaushe ya raɗa wa cutar suna ne daga alamarta da ta fi fitowa fili, watau sanƙarewar wuya.

Ƙwayoyin cuta iri-iri suna iya jawo wannan kumburi, amma wadda ta fi haddasa annoba a yankinmu wata bakteriya ce da masana ke kira Neisseria meningitidis. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mai suna Anton Weichselbaum, shi ya fara gano ta a shekarar 1887. Ƙanƙantarta ta kai a ce idan aka jera guda 1,000 ba za su wuce tsawon milimita ɗaya ba. A ƙarƙashin madubin likita akan gan su bibbiyu, kamar ƙwayar wake biyu suna fuskantar juna. An kasa ta gida 12 bisa ga irin rigar da ke jikinta, amma guda 6 ne ke tayar da annoba: A da B da C da W da X da Y.

Abin lura shi ne, wannan ƙwaya ba ta da wani mazauni sai jikin mutum. Ba ta zama a rijiya ko kwata, sauro ba ya ɗaukar ta, kuma ba ta daɗewa a raye idan ta bar jiki. A cikin mutum 100 akan sami 5 zuwa 10 da ke ɗauke da ita a bayan hanci da maƙogwaro, suna harkokinsu lafiya lau. Daga wurinsu take yaɗuwa ta hanyar tari da atishawa da kusantar numfashi, musamman tsakanin waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya.

Me Ya Sa Sai da Bazara?

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa zafi ne ke kawo sanƙarau. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma tana bukatar gyara. Cikin hanci da maƙogwaro akwai wata fata mai laushi wadda majina ke jiƙa ta kullum, a kanta kuma akwai 'yan ƙananan gasu da ke share datti da ƙwayoyin cuta zuwa waje. Wannan fata ita ce ganuwar jiki ta farko. Tun daga watan Disamba iskar hunturu take busar da ita, ƙura tana karce ta, shi ya sa haɓo da mura da tsagewar leɓe suke yawaita. Kafin a shiga bazara ganuwar ta rarake. Ƙwayar da ta daɗe zaune a maƙogwaro sai ta sami ƙofa ta faɗa cikin jini, daga nan ta wuce ƙwaƙwalwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Binciken da Brian Greenwood da abokan aikinsa suka gudanar a Zariya da Malumfashi a shekarun 1970 ya ƙarfafa wannan bayani. Sun lura cewa ana samun masu ɗauke da ƙwayar rani da damina, amma kwanciya ciwo da rani take yawaita. Da zarar ruwan sama ya sauka, iska ta yi laima, sai annobar ta lafa.

Wannan yanayi bai tsaya a Kano kaɗai ba. A 1963 wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya bayyana wani zirin ƙasa da ke kudu da Sahara inda cutar ke yawan ɓarkewa. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyarsa.

Daɗin daɗawa, akwai cunkoso. Gidajen cikin birni manne suke da juna, lunguna matsattsu, ɗakuna da yawa tagarsu ƙarama ce ko babu ita sam. Zauren da almajirai 30 ke kwana a ciki, ko ɗakin kwanan ɗalibai da aka cusa wa gadaje, wuri ne da ƙwayar ke ratsa mutane cikin 'yan kwanaki. Saboda haka al'adar nan ta kwana a fili da bazara dabara ce mai kyau a idon kimiyya, domin iska tana kwashe abin da aka fitar da numfashi.

Alamomin Cutar

Daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki kwana 2 zuwa 10, galibi kwana 4. Alamomin su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da ƙin haske, da taurin wuya har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji. Wani ya ruɗe, wani ya yi jijjiga, wani ƙuraje masu duhu su feso masa. Jariri ba lalle wuyansa ya sanƙare ba: sai ya ƙi nono, ya yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, maɗigarsa ta kumbura.

Sanƙarau ba ya jira. Yana iya kisa cikin awa 24 zuwa 48. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu ne ke mutuwa. Idan an yi magani, abin yakan sauko zuwa kimanin 1 cikin 10. Daga waɗanda suka tashi kuma, kusan 1 cikin 5 yakan rage da wata lalura kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta. A asibiti akan ɗebi ruwan laka ta ƙashin baya a auna, a kuma fara allurar kashe ƙwayoyin cuta irin su ceftriaxone nan take. Duk daren da aka ɓata ana gwada maganin shawara ko ƙwayar zazzaɓi daga kemis, ƙwayar cutar ce ke cin ribarsa.

Darasin 1996

A shekarar 1996 Nijeriya ta ga annobar sanƙarau mafi muni a tarihinta. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, Kano kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Nau'in A ne ya yi wannan ɓarna. A 2010 aka fara amfani da wata sabuwar allurar rigakafi mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a 2011. Sakamakon haka nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankin baki ɗaya.

To, amma sauran nau'o'in suna nan. A 2017 nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, fiye da mutum 1,000 suka rasa rayukansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, wadda ke kariya daga nau'i 5 a lokaci guda: A da C da W da X da Y. Ke nan makami ya samu. Sauran aiki shi ne a gano ɓullar cuta da wuri, a kuma kai allurar har hannun yaron da ke ƙarshen lungu.

Aikin Ƙaramar Hukuma

Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi hannu a harkar kiwon lafiya, ya kuma ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'i mai sa ido kan cututtuka, wanda ke tattara rahoto daga asibitocin sha-ka-tafi da sauran cibiyoyin lafiya, ya miƙa wa jiha, jiha ta miƙa wa hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Abuja.

Ga inda lissafi ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara cewa, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka sami masu alamun sanƙarau 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, to a shiga shirin ko-ta-kwana. Idan suka kai 10, annoba ta tabbata, sai a tashi gangamin rigakafi. Mu ƙaddara wata mazaɓa tana da mutum 50,000. A nan, masu ciwo 2 a mako sun isa a faɗakar da hukuma, 5 kuma sun isa a kira abin annoba. Idan iyalai uku daga cikin biyar ɗin nan suka ɓoye marasa lafiyarsu a ɗaki, takardar jami'in za ta nuna 2 kawai, a rasa mako guda ko biyu. Ita kuwa allura tana bukatar kimanin mako biyu kafin jiki ya gina garkuwa. Ashe jinkirin gida uku yana iya jawo wa dubban gidaje asara.

Aikin Mai Unguwa da Jama'a

Jami'in lafiya yana da takarda da babur, amma bai san gidan da aka kwana ba a yi barci ba. Mai unguwa ya sani. Shi ake gaya wa haihuwa da rasuwa da saukar baƙo, daga gare shi magana take hawa zuwa ga dagaci da hakimi. Haka nan limami da malamin tsangaya da ungozoma da shugaban makaranta da mai kemis, kowannensu yana ganin abin da hukuma ba ta gani. Kansilan mazaɓa kuma shi ne bakin jama'a a majalisar ƙaramar hukuma.

Tarihin shan-inna ya nuna muhimmancin waɗannan mutane. A 2003 aka dakatar da rigakafin cutar a Kano saboda shakkun da jama'a ke yi, sai a 2004 aka ci gaba, bayan cutar ta sake bazuwa. Da aka jawo sarakuna da masu unguwanni da malamai cikin aikin, sai ƙofofi suka riƙa buɗewa, har aka kai 2020 inda aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka. Allura ba ta da amfani sai uwa ta yarda ta miƙo ɗanta, ita kuwa ta fi yarda da wanda ta sani.

Ga abubuwan da unguwa za ta iya yi da kanta kafin bazara ta kankama:

1. Mai unguwa ya tara malaman tsangaya da shugabannin makarantu a duba wuraren kwanan yara, a rage cunkoso, a buɗe tagogin da aka toshe saboda sanyin hunturu.
2. Iyaye mata su duba katin rigakafin 'ya'yansu, su je cibiyar lafiya a cike abin da ya rage.
3. A yayyafa ruwa kafin shara domin a kwantar da ƙura, a rage hayaƙin itace a ɗakin da ake kwana.
4. Ƙungiyoyin matasa su san motar da za a tasa da tsakar dare idan ciwo ya kama wani.
5. Wanda duk aka ga alamun cutar gare shi a kai shi asibiti a ranar, a kuma sanar da mai unguwa. Babu abin kunya a ciki.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙwayar sanƙarau tana tare da mu kullum, bushewar iska da ƙura da cunkoso ne ke ba ta dama. Ba mu da iko a kan hunturu ko zafin rana, amma yawan masu kwana a ɗaki, da faɗin taga, da saurin kai rahoto, duk a hannunmu suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙaramar hukuma ba ta iya ƙirga abin da unguwa ta ɓoye, unguwa kuma ba ta iya samo allura sai ta hannun hukuma. Ɗalibin da ya karanta wannan darasi ya bayyana wa mutanen gidansu alamomin nan, ya riga ya shiga cikin aikin.

Aikin Aji

1. Auna tsawo da faɗin ɗakin da kake kwana, ka fitar da murabba'in mitarsa, ka raba da yawan masu kwana a ciki. Kwatanta amsarka da ta abokan ajinka.
2. Wani yanki yana da mutum 80,000. Masu ciwo nawa za a samu a mako guda kafin a ce annoba ta ɓarke?
3. Bayyana dalilin da ya sa saukar damina take kwantar da sanƙarau, alhali ita ce ke tayar da zazzaɓin cizon sauro.
4. Da izinin makaranta, malami ya gayyaci mai unguwa ko ma'aikacin lafiya ya bayyana wa aji hanyar da rahoton cuta ke bi daga lungu zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma.