Darasi: Inda Za Mu Ɗaure Kwale-kwalenmu

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 27:27-32

'Yan'uwa manoma, a wurin nan mun ga matuƙan jirgin da ya ɗauki Bulus sun gwada zurfin ruwa har sau biyu da tsakad dare, kāna suka saki anka huɗu ta bayan jirgi. Sai da suka san ruwan tukuna suka ɗaure. Yawancin ƙungiyoyinmu na bakin kogin Haɗeja suna da kwale-kwale, ko nasu ko na haya, gama ba shi yiwuwa a kai taki gonar shinkafa ko a kwaso damma ba tare da shi ba. Amma kaɗan ne suka taɓa zama su yi shawara a kan inda yake kwana.

Mutanen bakin teku, kamar na Ikko, ruwansu yakan hau ya sauka sau biyu kowace rana, don haka ba mai ɗaure jirgi da gajeriyar igiya. Mu kuwa a dā sau ɗaya muke ganin haka a shekara. Ruwa ya cika wajen Agusta da Satumba, ya ja da kaka, da rani yara su yi wasa a cikin yashi. Wannan lissafi ya sāke tun da aka gama dam na Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992. Kogin yana gudu har da rani, kuma in an saki ruwa daga sama, ko an yi ruwa mai yawa a ƙasar Kano, sai ya iske mu a Auyo ko Guri ko Kirikasamma alhali ko girgije ba mu gani ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sai an yi musu dogon bayani ba.

To, ga abin da yakan faru. Mutum ya kafa turke a bakin ruwa da yamma, ya ɗaure jirgi tam. Da dare ruwa ya ƙaru, jirgi yana so ya tashi, igiya ta riƙe kansa ƙasa, ruwa ya shiga. Ni kaina na taɓa tarar da namu haka da asuba, da buhu biyu na takin zamani a ciki, duk sun narke. Laifina ne, ni na ɗaure. In kuwa ruwan ja ya yi, jirgi ya zauna a kan taɓo, rana ta buge shi, katako ya tsage, sai neman kuɗin kwalta da ƙusa.

Da fari sai a zaɓi wuri. Inda kogi ya yi kwana, gaɓa ɗaya takan yi tsayi, ruwa yana cinta ta ƙarƙashi. Kada zurfin wurin ya ruɗe ku, wata rana gaɓar za ta zube da turken duka. Ku nemi ɗaya gefen, inda ruwa yake tafiya a hankali yana ajiye yashi, ƙasa kuma ta gangara sannu. A nan tsohuwa za ta iya shiga jirgi, amalanke kuma ya matso a yi lodi.

Turke ɗaya bai isa ba. A kafa uku a jere, ɗaya a bakin ruwan rani, ɗaya a tsakiyar gangare, ɗaya kuma a bisa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. Dattawan gari sun san wurin, sau da yawa ma alamar tana jikin itatuwa. Itacen ƙirya ya fi, gama gara ba ta cinsa da sauri. Wanda ya fi wannan dabara shi ne dogon turke a cikin ruwa, a yi wa igiya sakakken zobe wanda zai riƙa hawa da sauka tare da jirgi. Kan jirgi ya fuskanci inda ruwa yake fitowa. A baya kuma a jefa dutse da igiya mai tsawon zurfin wurin kamar sau uku, domin kada iska ta juya jirgin ta buga shi a gaɓa. Igiyar kaba tana da araha a ƙasarmu ta goruba, amma takan ruɓe, sai a riƙa dubawa.

Sai maganar kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, har da na Marma wajen Nguru. Mashigin da aka bari shekara ɗaya sai ta rufe shi. In za ku yi gayya, ku yanke ta ƙarƙashin ruwa, domin kututturen ya nutse ya rasa iska. Wanda ya sare ta a sama aski kawai ya yi mata. Share ciyawa kuma yana rage ƙananan katantanwa masu kawo tsargiya, wadda take damun yaranmu.

Kogi ba na ƙungiya ba ne. Kafin a kafa ko turke ɗaya, a je wurin mai unguwa da sarkin ruwa, a kuma yi nesa da mashayar shanun Fulani da inda masunta suke shanya taru. In maƙwabci ya nemi ya ɗaure nasa a turkenmu, kada a hana shi.

A taronku na wannan wata, ku sa mutum ɗaya ya kafa sanda mai zane-zane a cikin ruwa, tazarar taƙi ɗaya ɗaya, ya riƙa dubawa safe da yamma daga Yuli har ƙarshen Oktoba. In ruwa ya haye zane guda, shi ne zai matsar da jirgi zuwa turke na gaba, ya kuma gaya wa masu gonaki a ƙasa-ƙasa. Ku shirya tun yanzu wanda zai karɓe shi ran da ya tafi kasuwa.