Darasi na 18: Jinyar Dattijo Bayan Aikin Fitsari

Abin da ke tare fitsari

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙululu. Likitoci suna kiransa furostet. Girmansa kamar na ƙaramin goro ne, nauyinsa kamar giram 20. Hanyar fitsari ta bi ta tsakiyarsa, kamar yadda zare ke bi ta cikin ƙwayar carbi.

In namiji ya manyanta, ƙululun nan yakan ƙara girma. Cikin maza 10 masu shekara 60, kamar 5 nasu ya girma. Cikin waɗanda suka wuce shekara 80 kuwa, kusan 9 ne. In ya girma, sai ya matse hanyar fitsari. Mutum ya riƙa tashi sau da yawa da dare. Fitsari ya riƙa fita siriri, sai da yunƙuri. Wata rana ma ya ƙi fita sam.

Wannan ba sammu ba ne, ba ciwon sanyi ba ne, ba kuwa ciwon daji ba ne. Shekaru ne suke kawo shi. Mutane da yawa ƙwayar magani takan ishe su. Waɗansu kuwa sai an yi musu aiki a asibiti.

Aikin iri biyu ne

Aikin da aka fi yi iri biyu ne. Na fari, ba a yanka ciki. Likita yakan zura wani siririn ƙarfe mai fitila ta hanyar fitsari, ya ƙanƙare naman da ya tare hanya. Yakan ci kamar awa ɗaya. Mai jinya yakan kwana 1 zuwa 3 a asibiti.

Na biyu, in ƙululun ya yi girma ƙwarai, akan yanka mara, a fitar da naman, sa'an nan a ɗinke. Wannan yakan sa mutum ya yi kamar mako ɗaya a asibiti, ko fiye.

Kowanne aka yi, akwai rauni a can ciki inda aka cire naman. Ba a ganinsa da ido. Ba a iya ɗaure shi da bandeji. Kullum kuma fitsari yana bi ta kansa. Saboda haka yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya warke. Likita yakan gama nasa aikin rana ɗaya. Sauran aikin, watau jinya, na mai jinya ne da mutanen gidansa.

Robar fitsari

Bayan aiki akan sa wa mutum roba, fitsari ya riƙa bi ta cikinta zuwa wata jaka. A bakinta na ciki akwai 'yar balan-balan cike da ruwa, ita ke riƙe ta cikin mafitsara. Wanda ba a yanka ba, akan cire masa ita bayan kwana 1 zuwa 3. Wanda aka yanka yakan fi haka daɗewa da ita. Wani ma akan sallame shi da ita.

In an koma gida da roba, ga abin da za a kiyaye:

1. Kada a ja ta, kada a cire ta a gida. In an fizge ta, balan-balan ɗin nan za ta yage hanyar fitsari. Malamin asibiti ne kaɗai zai cire ta.
2. Jakar ta zauna ƙasa da ƙugu kullum, don kada fitsari ya koma ciki. Amma kada ta kwanta cikin ƙura.
3. A duba kada robar ta lanƙwashe, ko a kwanta a kanta.
4. A zubar da fitsarin tun jakar ba ta cika ba. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ta, a kuma wanke bayan an gama.
5. A wanke wurin da robar ta shiga da ruwa mai tsabta da sabulu kowace rana.

Jini cikin fitsari

Fitsari yakan yi ja-ja bayan aiki. Wannan ba tsargiya ba ce, daga raunin ne. Yakan washe sannu a hankali. Amma tsakanin kwana 10 da kwana 14, ɓawon raunin yakan faɗi, sai jini ya ɗan sake fitowa. Kada hankali ya tashi. A kwanta a huta, a ƙara shan ruwa. Galibi yakan washe cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ruwa shi ke wanke mafitsara, ya hana jini dunƙulewa. Mai jinya ya sha lita 2 zuwa 3 a yini, watau ruwan leda 4 zuwa 6. Ya fi sha da safe da rana, ya rage in dare ya yi, don ya sami barci. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda kuwa, sai ya tambayi likita yawan da zai sha. Wanda aikinsa ya faɗo cikin watan azumi, ya gaya wa likita. Marar lafiya yana da damar ajiye azumi, ya rama in ya warke.

Abinci

Bayan gida mai tauri abokin gaba ne ga mai wannan jinya. Raunin yana dab da hanyar bayan gida. In mutum ya yi yunƙuri da ƙarfi, sai ya fama shi, jini ya ɓalle. Don haka a ba shi abin da ke sakin ciki: miyar kuɓewa, miyar kuka, zogale, alayyahu, wake, gwanda da lemo. In ya kwana 2 ko 3 bai zaga ba, a gaya wa malamin asibiti.

Ya rage cin goro, da shan shayi mai ƙarfi, da kofi, da yaji mai yawa, gama suna tsokanar mafitsara. Giya kuwa kada ya kusance ta.

Abin da za a bari har mako 6

1. Noma, huɗa, faskare, jan ruwa a rijiya, da ɗaukar buhu ko jarka.
2. Hawan keke, ko babur, ko jaki, ko doki. Ƙululun yana daidai wurin da mutum ke zama a kan sirdi, kowace girgiza a kansa take sauka. Ranar sallama ma a nemi mota.
3. Doguwar tafiya a hanya mai gargada.
4. Kusantar iyali, sai likita ya ba da izini.

Amma ba a ce ya kwanta yini guda a kan tabarma ba. Yawan kwanciya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, wannan kuwa haɗari ne. Ya riƙa takawa a hankali cikin gida da ƙofar gida, safe da yamma. Kowace rana ya ɗan ƙara.

Ga inda mutane suka fi yin kuskure. A ce an yi wa manomi aiki gab da damina. Bayan kwana 12 ya ji ƙarfi, ga ciyawa ta taso a gona. Sai ya ɗauki fartanya.

Ɗansa ya ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Gona. Ai na warke, ba inda ke yi mini ciwo."

Ɗan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Raunin a ciki yake. Likita ya ce mako 6, ko biyu ba a cika ba. Kawo fartanyar, ni da ƙannena mun ɗauke maka."

Yaron nan ya yi daidai. In dattijon ya tafi ya sunkuya yana noma, jini yana iya ɓallewa ya toshe hanya. Sai a koma asibiti, a sake sa roba, a sake kashe kuɗi, watakila har da ƙarin jini. Sauri ya haifi nawa. Wanda ba shi da 'ya'ya kusa, maƙwabta su yi masa gayya.

Magani

A sha maganin da aka bayar yadda aka rubuta, har ya ƙare. In akwai zogi, farasitamol ya isa. Kada a sayi asfirin ko sauran magungunan ciwon jiki a kemis ko a hannun masu talla, gama waɗansu suna ƙara zubar jini. Wanda dama yake shan maganin tsinka jini, ya tambayi likita ranar da zai koma shansa. Kada a haɗa da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba.

Abin da ba na tsoro ba ne

Bayan an cire roba, fitsari yakan yi zafi kwana kaɗan. Yakan matsu mutum farat ɗaya, wani lokaci ya ɗiga a wando. Wannan yakan ragu cikin makonni, wani kuwa har wata 3. Ba abin kunya ba ne, kada a yi wa dattijo dariya. Ga abin da zai taimaka: ya matse naman da akan matse in ana son riƙe iska, ya ƙirga 5, ya saki. Ya yi haka sau 10, safe da rana da dare.

Akwai kuma maganar da maza ba su cika tambaya ba. Yawanci ƙarfin namiji yana nan bayan aiki. Amma kamar mutum 7 cikin 10, maniyyi ba ya fitowa waje. Yakan koma cikin mafitsara, ya fita tare da fitsari. Ba ya cutar da jiki, sai dai samun haihuwa yakan yi wuya. Wanda yake son ƙarin 'ya'ya ya faɗa wa likita tun kafin a yi aikin.

Alamun komawa asibiti nan da nan

1. Fitsari ya tsaya, mara ta kumbura, ko jakar roba ta daina taruwa.
2. Jini jajawur mai kauri, ko guda-guda manya, wanda bai washe ba.
3. Zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari mai wari da ciwon kwiɓi.
4. Kumburin maraina.
5. Ɗinki ya yi ja, ya kumbura, ko yana fid da mugunya.
6. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye.

Ranar komawa

Naman da aka cire akan kai shi ɗakin gwaji, a duba ko akwai ciwon daji a ciki. Lalle ne a koma ranar da aka rubuta a kati a ji sakamako, ko da mutum yana jin garau. Ba duka ƙululun ake cirewa ba, akan bar na gefe. Saboda haka in bayan shekaru fitsari ya sake yin wuya, a koma wurin likita da wuri. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.

Tambayoyi

1. Ina ƙululun furostet yake a jikin namiji?
2. Don me raunin aikin nan yake daɗewa bai warke ba?
3. Don me ba a jan robar fitsari?
4. Mako 6 kwana nawa ne? In an yi kwana 12, saura nawa?
5. Faɗi alamu 3 da za su sa a koma asibiti da dare.

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta a littafinsa abubuwa 4 da mai jinya zai bari har mako 6. In kun koma gida, ku karanta wa dattawan unguwarku.