Filin Shawara: Wake da tumatir a bayan ɗaki

Gwaggo, a Ƙofar Marusa muke, akwai ɗan fili bayan ɗakina. Tsadar tumatir ta ishe ni, ina so in shuka shi tare da wake. Ƙasar rairayi ce, ga awakin surukata da ba a ɗaure su. Maigida ya ce kar in jawo masa rigima. Ya zan yi?
Maman yara, Katsina

'Yata, kar ki shuka su lokaci guda. Wake na damina ne, tumatir na hunturu. Idan ruwa ya zauna a watan Yuli, ki sa wake, ƙwaya biyu ko uku kowane rami. Ki nemi irin SAMPEA na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, wanda ke nuna da wuri, ki tambayi malaman gona na KTARDA wanda ke jure wuta-wuta. Saiwar wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi, tumatir ɗin da zai biyo baya shi zai ci moriya.

Ƙarshen Oktoba ki yi renon irin tumatir a tsohuwar roba mai huji, bayan mako uku zuwa huɗu ki yi dashe da yamma, tazarar kamu ɗaya. Kar ki makara, domin zafin Maris da Afrilu kakkaɓe furen yake yi. Rairayin Katsina ba ya riƙe ruwa, saboda haka ki cakuɗa shi da taki sosai, ki rufe gindin da busasshen ganye. Wajen ban ruwa, ban da ruwan wanki mai sabulu. Kullum ki duba ganyen, in kin ga farin zane kamar an bi ta cikinsa, ki tsinke ki ƙona. Tsutsar sharon ce, wadda ta gama da gonakin tumatir a Arewa a 2016.

Sai batun Hajiya surukarki. Maigidanki bai yi laifi ba, tsakanin uwa da mata ba wurin tsayuwa ba ne. Ke za ki je da kanki, ki durƙusa ki ce kina neman kashin awakinta, ke kuma harawar wake duk tata ce. Ban san tsohuwar da za ta ƙi harawa kyauta ba. Amma kar ki ce ta ɗaure dabbobinta. Ke za ki yi shinge da kara ko tsohon kwano kafin iri ya taɓa ƙasa. Kashin ma ki tara shi gefe, kina yayyafa ruwa har ya ruɓe, domin ɗanye ƙona tsiro yake yi.